Alis a Ƙasar Al'ajabi: shirme mai ƙa'ida



Tun ran da kuka fara haɗa baƙaƙe, yawancin abin da ake ba ku ku karanta na amfani ne: yadda ake zuba taki, yadda ake haɗa ruwan gishiri da sukari in yaro na zawo, yadda ake rubuta kuɗin asusu. Yau za mu duba wani littafi da ba ya koya ko ɗaya daga cikin waɗannan. In kun karanta ma dattijo shi, zai ce shirme ne. Kuma bai yi ƙarya ba, shirme ne. Amma ga shi ya fi shekara 150 ana buga shi, an kuma juya shi cikin harsuna fiye da 170. To, wane irin shirme ne wanga da ya ƙi mutuwa?

Sunan littafin Alis a Ƙasar Al'ajabi. Da Ingilishi aka rubuta shi. In kuna da yaro a lakwal, ƙila ya gamu da shi da Faransanci, da sunan Alice au pays des merveilles. Kar harafin c ya ruɗe ku. Ba irin na "ci" da "ciki" ba ne. Alis ake faɗi, haka kuma za mu rubuta.

Mafarin abin

Wanda ya rubuta shi malamin lissafi ne a jami'ar Oksfod, a Ingila. Sunansa Charles Dodgson, amma a kan littafin ya sa Lewis Carroll, wato Luwis Karol. An haife shi a 1832, ya rasu a 1898. Su 11 ne a gidansu, kuma tun yana yaro shi ke ƙirƙiro ma ƙannensa wasanni da labaru. Yana da in'ina.

Ran 4 ga watan Yuli na 1862, shi da wani abokinsa suka ɗauki ƴan mata uku, ɗiyan shugaban makarantarsu, suka shiga kwalekwale yawon shan iska a gulbi. Ta tsakiyar sunanta Alis, shekararta 10. Yaran suka ce sai ya yi masu labari. Yana tuƙi yana faɗi, abin da ya zo bakinsa. Mu a nan ba a gatana da rana. Shi ko da rana tsaka ya yi tasa. Da suka komo gida Alis ta matsa masa ya rubuta mata. Ya rubuta da hannunsa, ya zana hotuna, ya ba ta a 1864. Daga baya ya ƙara tsawonsa, aka buga a 1865, babi 12, da hotuna 42 na wani gwanin zane mai suna John Tenniel.

Ga yadda labarin ya soma. Yarinya na zaune bakin gulbi tare da yayarta, zafi da gyangyaɗi sun dame ta. Sai ga wani farin zomo ya wuce da gudu, da ƴar riga a jikinsa. Ya zaro agogo daga aljihu, yana ƙorafi ya makara. Ta bi shi, ta faɗa rami. Daga nan sai al'ajabi.

Zomo mai magana ba sabon abu ba ne gare ku. Gizo na magana, kura na magana. Ba maganar dabbobi ba ce shirmen littafin. Shirmen na wani wuri.

Lissafin da ya ƙi kai 20

A ƙasan ramin Alis ta sha wani abu a kwalba, ta ƙanƙance, ba ta fi santimita 25 ba. Ta ci wani gato, ta miƙe har kusan mita 3. Abin ya ruɗe ta har ta soma shakka ko ita ce Alis, ko an musanya ta da wata yarinya da dare. Sai ta ce bari ta gwada ko tana tune da karatunta na makaranta. Ta fara da lissafi. 4 sau 5 ya ba ta 12. 4 sau 6 ya ba ta 13. Ta tsaya, ta ce in haka ne ba za ta taɓa kai 20 ba.

Ku da kuka koyi lissafi kun san 4 sau 5, 20 ne. Ta yi kure. Amma ku ɗauki allo ku bi kuren nata. In 4 sau 5 ya ba da 12, 4 sau 6 ya ba da 13, to 4 sau 7 zai ba da 14, 4 sau 8 ya ba da 15. Ku ci gaba da haka. Yaran Ingila suna haddace lissafin sau har zuwa 12, nan suke tsayawa. Ku duba me 4 sau 12 zai ba da a lissafin Alis. 19 ne. Ashe gaskiyarta, ba za ta kai 20 ba!

Kun ga abin da nake nufi? Lissafin kure ne, amma kuren na tafe a jere, ɗaya bayan ɗaya, kuma maganar da ta yi a kansa daidai ce. Mahaukaci ba ya iya wannan. Sai wanda ya san lissafi sarai. Yawancin shirmen Karol haka yake. Yakan ɗauki ƙa'ida ɗaya ya karkatar da ita, sannan ya bi ta tiryan-tiryan har inda ta kai shi.

Ga wani misali. Wuyan Alis ya yi tsawo har ya wuce kan itatuwa. Wata kurciya ta far mata, tana kiran ta maciji. Alis ta ce ita yarinya ce. Kurciya ta tambaye ta ko tana cin ƙwai. Alis ba ta ƙarya, ta ce yara ma suna ci. Kurciya ta ce to shi ke nan, yara ma wani irin maciji ne. Ku dubi hujjarta da kyau: maciji na cin ƙwai, yarinya na cin ƙwai, saboda haka yarinya maciji ce. Kowa ya ji ya san da gyara, amma ba kowa zai nuna inda gyaran yake ba. Alis kanta shiru ta yi. Kuma in kun tsaya wajen kurciya, ba ta yi wauta ƙwarai ba. Ita ƙwanta ne damuwarta. Duk mai ci mata ƙwai, sunansa ɗaya a gare ta. Ko ba ku taɓa jin irin wagga hujja a bakin kasuwa ba? Wane ɓarawo ne, wane ɗan garin kaza ne, don haka duk mutanen garin ɓarayi ne.

Masu kama magana da hannu

Babban makamin Karol shi ne harshe. Mutanen ƙasar tasa suna ɗaukar kowace magana yadda ta fito, ba yadda ake nufi ba.

Bari in ba ku misali da Hausa, na kaina, don na Ingilishi ba za su shiga kunnenku ba. A ce kun dawo daga tafiya kun ce: "Kai, na sha wuya!" Mutumin ƙasar Alis zai ce: "Wuyan wa? A wane ƙoƙo aka dama maka?" Ku ce kun kashe kuɗi, ya ce ina aka yi jana'iza. Ku ce rana ta faɗi, ya tashi neman inda ta faɗa. Ba ya ƙarya, ba ya zagi, amma ba za ku iya zama da shi ba.

A littafin akwai irin wannan a wajen shan shayi. Alis ta tarar da mutum uku a bakin wani dogon tebur: wani mai sai da huluna, da zomon daji, da wani kusu da ba ya aikin komi sai barci. A Ingilishi, in mutum ya ɓata kiɗa ko ya ɓata lokaci, ana iya cewa ya kashe lokaci. To, Mai Huluna ya taɓa yin waƙa a gaban sarauniya, ta ce yana kashe Lokaci. A ƙasar, Lokaci mutum ne. Ya ji haushi, ya ƙi motsi. Tun daga ranar, kullum ƙarfe 6 ne a wajensu, lokacin shayi ke nan. Ku bi ƙa'idar. In kullum lokacin shayi ne, babu lokacin wanke kofuna. In ba a wanke kofuna, sai dai in naka ya ɓaci ka matsa kujera ta gaba. Shi ya sa teburin ke da tsawo, suna ta zagaya shi. Mu shayinmu in an sha na uku an gama, a wanke ƴar buta. Nasu ba ya da na uku.

Sai Alis ta yi tambaya irin ta yaro mai hankali: in kun zagayo kun komo mafari fa? Nan take zomo ya ce a sake zance. Ni a ganina wannan wuri ya fi ko'ina daɗi a babin. Duk wanda ya taɓa yi ma babba tambayar da ba ya da amsarta ya san wagga dabara.

A nan ne kuma Mai Huluna ya yi mata kacici-kacici, ta faɗi kamar da ke tsakanin hankaka da teburin rubutu. Ta yi ta tunani, ta gaza, ta ce a ba ta amsa. Ashe shi ma bai sani ba. Mu in an gaza kacici-kacici sai a ba da gari, mai tambaya ya faɗi amsa. Shi ya karɓi gari, ba ya da abin biya. Mutane suka yi ta damun Karol da wasiƙu shekara da shekaru. A ƙarshe ya ce shi da ya ƙirƙiro ta, ba ta da amsa.

Wani wasan kuma na kalmomi masu kama da juna ne. A Ingilishi kalmar "labari" da kalmar "wutsiya" sautinsu ɗaya. Wani ɓera ya ce labarinsa dogo ne. Alis na kallon wutsiyarsa, ta yarda doguwa ce. Har aka buga labarin ɓeran a takarda ya lanƙwashe kamar wutsiya, baƙaƙen na ƙanƙancewa zuwa ƙasa. Ku kun fi kowa sanin irin wannan tarko, don rubutun Hausa cike yake da shi. Gari na zama da gari na tuwo. Kuka ta miya da kuka na hawaye. A baki sun bambanta, a takarda ɗaya ne. Wanda ya karanta "an sai da gari" ya zaci maigari ya ci amana, to ya shiga ƙasar Alis.

Wannan ne ya sa littafin ke da wuyar juyawa. Wanda ya fara mai da shi Faransanci a 1869, Henri Bué, dole ya zubar da wasu wasannin ya ƙirƙiro sabbi da harshensa. Kuma in faɗa maku gaskiya, akwai wuraren da dariyarsu ta mutu. Ba'a ce ga abubuwan Ingila na wancan zamani, ko yaran Ingila na yau sai an yi masu bayani.

Inda ya rabu da gatana

A tatsuniya kowa na da abin da yake nema. Gizo cikinsa yake wa aiki. Ɗiyar bora na neman tsira. A Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, duk yawon da aka sha, ruwan magani ake nema. Alis ba ta neman komi mai girma. Ta hangi wani lambu mai kyau ta ƙaramar ƙofa, tana so ta shiga, shi ke nan. Ba wanda za ta ceto, ba dukiyar da za ta kawo gida.

Akwai Dodo a littafin, amma kar ku tsorata, ba namu ba ne. Wani tsuntsu ne na gaske mai wanga suna, wanda ba ya tashi. A tsibirin Moris yake, ya ƙare a duniya fiye da shekara 300 da suka wuce. Ana cewa Karol kansa yake nufi da shi, don in in'ina ta kama shi wajen faɗin sunansa, "Do-do" ke fara fitowa. Wanga Dodo ya shirya tsere. Kowa ya fara gudu sa'ad da ya ga dama, ya tsaya sa'ad da ya ga dama. Aka tambayi wa ya ci. Ya yi dogon tunani, ya ce kowa ya ci, kowa sai an ba shi kyauta. Wa zai ba da? Alis. Ta raba masu alewar aljihunta. Ita kuma fa? Aka karɓi ɗan ƙarfen da take sawa a yatsa wajen ɗinki, aka miƙa mata shi cikin girmamawa, ana tafi. Kayanta aka ba ta kyauta.

Babban bambancin shi ne gargaɗi. A zamanin Karol yawancin littattafan yara na Ingila wa'azi ne. Yaro ya yi ƙiwuya ya gamu da masifa, yaro ya yi biyayya ya samu lada. Ana sa yara su haddace waƙoƙin horo su tashi su biya a gaban baƙi. Karol ya ƙi wannan. Duk sa'ad da Alis ta buɗe baki za ta biya waƙar makaranta, sai ta fito a karkace. Wata a kan ƙwazon ƙudan zuma take, ta fito a kan kada mai murmushi yana haɗiyar kifi. Akwai kuma wata tsohuwar gimbiya da ba a faɗin magana sai ta ce ga darasin da ke ciki, darasin ko ba ya da haɗi da maganar. Ba'a ce yake yi ma masu wa'azin dole.

Wasu iyaye ba za su so wannan ba, kuma ban ga laifinsu ba. Za su ce ana koya ma yaro raina manya. Amma ku dubi Alis ɗin. Yarinya ce mai ladabi. Tana gaisuwa, tana neman gafara in ta ɓata ma wani rai. Manyan ne ba su da ladabi. Suna katse ta, suna aikenta, suna yi mata tsawa, suna yi mata tambayar da ba ta da kai. Wata tsutsa da ke zaune bisa naman kaza tana shan taba ta tambaye ta ko ita wace ce. Alis ta rasa amsa, don tun safe girmanta ke sakewa. Haka rayuwar yaro take. Da safe a ce masa ya girma, ya bar kuka. Da marece a ce masa yaro ne, ya rufe baki. Karol ya ɗauki wannan ya mai da shi abin gani da ido. Kuma ba yaro kaɗai ba. Wanda ya taɓa tsayawa gaban tagar wani ofis da takarda a hannu, bai iya karanta ta ba, ana yi masa magana da harshen da ba ya ji, aka ce ya je can, can kuma aka ce ya komo nan, ya ɗanɗani abin da Alis ta ɗanɗana.

Shari'ar gato

Sarkin ƙasar da sarauniya da fadawansu duka ƴan karta ne, irin wadda ake bugawa. Sarauniya ba ta da magani ga kowace matsala sai a sare kai. Akwai wata kyanwa da ke ɓacewa sannu a hankali, wani lokaci kanta kaɗai ake gani a sama. Aka ce a sare mata kai. Hauni ya ce ba a sare kan da ba ya da jiki. Sarki ya ce duk abin da ke da kai ana sare shi. Sarauniya ta ce in ba a gama yanzu ba, kowa sai an sare shi. Biyu na gardama da hujja, ta uku da ƙarfi. Amma duk littafin ba wanda aka kashe. Sarki na bi a baya yana yafewa a hankali.

A ƙarshe aka zauna shari'a. Ana tuhumar wani ɗan fada da satar gato. Gaton kuwa ga shi nan a faranti, a tsakiyar kotu, kowa na gani. Sarki ne alƙali. Akwai dabbobi 12 masu taya shi yanke hukunci, kowa da allonsa. Tun ba a fara ba suna ta rubutu. Me suke rubutawa? Sunayensu, don kar su manta kafin a tashi. Ɗaya daga ciki ƙadangare ne. Alƙalaminsa na ƙara, Alis ta zare shi. Sai ya ci gaba da rubutu da yatsa, ba abin da ke fita a allo. Mai Huluna da zomo da kusu suka faɗi rana uku dabam-dabam: 14, 15, 16 ga wata. Masu allo suka rubuta duka, suka tara, suka mai da jimlar kuɗi.

Duk abin da kotu ke da shi akwai a nan: alƙali, shaidu, takarda, rubutu. Abu ɗaya ne babu, neman gaskiya. Ku riƙe wannan, ku da rubutu ke ba ku sha'awa yanzu. Ƙadangaren ma rubutu yake yi.

Ana cikin haka Alis ta soma girma, ba ta ci komi ba, ba ta sha komi ba. Girmanta na asali ne ke komowa. Sarki ya buɗe littafinsa ya karanto doka ta 42: duk wanda tsawonsa ya wuce mil ɗaya, wato fiye da kilomita ɗaya da rabi, ya fita daga kotu. Alis ta ce tsawonta bai kai haka ba, kuma yanzun nan ya ƙirƙiro dokar. Sarki ya ce ita ce mafi tsufa a littafin. Alis ta ce in haka ne da ita ce ta 1. Sarki ya rufe littafi.

Ku lura da abin da ya faru. Tun farkon labari, su ke kama ta da ƙa'ida. Yanzu ita ta kama sarki, da lissafin da ko ɗan aji ɗaya ya sani. Sarauniya ta ce a fara yanke horo, daga baya a duba ko da laifi. Yarinyar da ta yi ta haƙuri tun babi na 1 ta ce ba ta yarda ba. Aka ce a sare mata kai, ba wanda ya motsa. Ta gaya masu abin da suke, ƴan karta kawai. Suka tashi sama suka zubo mata. Ta farka, kanta na bisa cinyar yayarta, busassun ganyaye na faɗo mata a fuska.

Karol ya sake rubuta wani littafin Alis, ya fito a ƙarshen 1871. A cikinsa ta madubi ta shiga, komi ya juya baya.

Ita ko Alis ta gaske ta girma, ta yi aure, ta haifi ƴaƴa maza uku. Biyu sun mutu a yaƙin duniya na farko. Bayan rasuwar mijinta ta buƙaci kuɗi. A 1928 ta fito da ɗan littafin nan na rubutun hannu, aka yi gwanjonsa a Landan, ya tashi fam 15,400, aka tafi da shi Amurka. Ta rasu a 1934. A 1948 wasu mutanen Amurka suka haɗa kuɗi suka mai da shi Ingila kyauta. Yana ajiye a babban ɗakin littattafai na ƙasar, a Landan. Shafi 90 ne, da hotuna 37 da Karol ya zana da kansa. Rubutun nasa ƙanana ne, a tsare, baƙi bayan baƙi, yadda yarinya za ta iya karantawa ba tare da an taya ta ba.